Ciki Ba Laifi Ba Ne: Halin Da Mata Ma'aikata Ke Shiga Kafin Haihuwa Da Bayan Arba'in

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wata matsala wadda ta daɗe tana cin mata ma'aikata a ɓoye, amma kunya da tsoron rasa hanyar abinci sun hana a fito da ita fili. Matsalar kuwa ita ce yadda samun juna biyu ke zama tamkar laifi a wasu wuraren aiki, ta yadda mace za ta riƙa ɗaure cikinta tana zurma hijabi don kada shugabanta ya gane, idan kuma Allah Ya sauke ta lafiya ta koma bakin aiki, sai ta tarar kujerarta ta zama ta wata.

Wataƙila wata za ta ce ita ba ta aikin albashi, don haka maganar ba ta shafe ta ba. To 'yar'uwa, ta shafe ki. Malamar da ke koya wa 'yarki karatu ma'aikaciya ce. Ungozomar da za ta karɓi haihuwarki da tsakar dare ma'aikaciya ce. Wadda ke yi wa jaririnki rigakafi ma haka. Duk ranar da aka kori ɗaya daga cikinsu saboda ta haihu, gidanki ma ya yi asara.

Muna Son Mace Ta Duba Mace

Tun lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, musamman kuma bayan ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, babu kiran da ya fi yawa a bakin malamai da magidanta kamar a samu mata likitoci, mata malaman jinya da mata malaman makaranta, domin mace ta duba mace, mace ta karantar da mace. Kira ne mai kyau, kuma an amsa shi gwargwadon hali. A Gusau akwai Kwalejin Ilimi da Ƙere-ƙere ta Tarayya wadda aka keɓe don horar da mata malamai. A Tsafe akwai kwalejin koyon aikin lafiya ta jiha, wadda ta yaye ɗimbin 'yan mata da matan aure. Iyaye daga Bungudu da Kwatarkwashi da sauran garuruwa sun sayar da amfanin gona da dabbobi sun biya wa 'ya'yansu mata kuɗin waɗannan karatu.

Haka kuma daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri mai suna Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa da Yobe, daga baya aka ƙara da Borno, don a ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya. Masu shirin sun gane tun da wuri cewa ɗalibar Arewa sau da yawa matar aure ce mai goyo, don haka suka taimaka aka samar da ɗakunan raino da masauki na masu goyo a makarantun horarwa. Wato an yarda cewa mace za ta iya karatu da ɗa a bayanta idan an yi mata tanadi.

Abin mamaki shi ne, wannan fahimta da aka samu a makaranta sau da yawa ba ta bin mace zuwa wurin aiki. A wurinmu yarinya tana gama karatu ne a daidai shekarun aure da haihuwa. Idan muka ce muna son ta yi aiki amma ba mu son ta haihu, to mun ɗaure ta ne muka ce ta yi gudu. Ba a cin biyu, wai a so nonon saniya a ƙi ɗan maraƙi.

Korar Da Ba Ta Da Takarda

Da wuya ki ga an rubuta wa mace takarda an ce an sallame ta saboda ciki. Abin yana zuwa ne ta hanyoyi masu laushi, waɗanda ba su barin shaida.

Hanya ta farko tun daga ranar ganawar ɗaukar aiki take farawa. Maimakon a tambaye ki abin da kika karanta, sai a shiga tambayar ko kina da aure, watan ɗanki nawa, yaushe kike sa ran wani. Amarya kuwa sau da yawa ana ajiye takardunta gefe, domin an ƙaddara cewa nan da 'yan watanni za ta fara laulayi.

Hanya ta biyu ita ce kalmar nan mai daɗin ji, "ki je ki huta, idan kin haihu za mu neme ki." Mace za ta tafi tana godiya, tana ganin an tausaya mata. Albashi ya tsaya daga wannan wata, neman kuma ba ya zuwa. Wannan ya fi yawa a ƙananan makarantu masu zaman kansu, asibitocin kuɗi, kantunan magani da shaguna, inda tun farko da baki aka ɗauki mutum aiki.

Hanya ta uku tana jiran mace ne bayan ta dawo. Ajin da ta shekara tana riƙewa an ba wata, ita kuma an bar ta tana zaman ofis har ta gaji ta tafi da kanta. Ko a jera mata aikin dare alhali jaririnta bai san komai ba sai nono. Ko a tsallake sunanta a jerin masu zuwa kwas da masu ƙarin girma, a ce ai ba ta nan lokacin da aka rubuta. Ko kuma a yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Duk wanda ya san halin rashin tsaro da aka sha fama da shi a hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, da ƙauyukan da ke nesa da titi a yankin Bungudu, ya san cewa tura mai jaririn wata biyu irin wannan wuri daidai yake da a ce mata ta ajiye aiki, domin mijinta ma ba zai yarda ba.

A ajin matan aure da nake koyarwa da yamma, wata ɗalibata da ke koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi ta ba ni labarin yadda ta ɓoye cikinta har wata bakwai. Ranar awo takan ce kanta ke ciwo, wani lokaci ma ta fasa zuwa awon gaba ɗaya don kada a yi zargi. Da abin ya bayyana aka ce ta je ta huta. Ta haihu, ta yi arba'in, ta koma da goyonta, sai mai gadi ne ya fara gaya mata cewa an ɗauki sabon malami. Da na tambaye ta takardar ɗaukar aikinta, sai ta ce shekara uku tana koyarwa ba a taɓa ba ta ko da guntuwar takarda ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinta shi ne awon da ta riƙa fasawa. Hawan jini na masu ciki ba ya sallama, a wurin awo ake gano shi kafin ya kai ga jijjiga. Tsoron kora ya sa ta yi caca da ranta da na ɗanta.

Me Dokar Ƙasa Ta Tanada?

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa hutun haihuwa alfarma ce da shugaba ke yi wa wadda ya ga dama. Alhali kuwa haƙƙi ne rubutacce. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tanadi abubuwa kamar haka:

Na ɗaya, mace tana da ikon barin aiki idan ta kawo takardar likita da ke nuna cewa ana sa ran haihuwarta cikin mako 6.

Na biyu, ba a yarda a sa ta aiki ba a cikin mako 6 bayan haihuwa. Idan kika lissafa za ki ga kwana 42 ke nan, wato arba'in ɗinmu da ɗoriyar kwana biyu.

Na uku, idan ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a wurin ba yankewa, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a tsawon hutun.

Na huɗu, mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki don ta ba ɗanta nono.

Na biyar, haramun ne a doka a ba ta takardar sallama a lokacin da take wannan hutu, ko a ba ta wa'adin sallama da zai cika tana cikin hutun. Wannan kariya ta haɗa har da wadda rashin lafiyar da ciki ko haihuwa suka jawo ya tsawaita mata zama, in dai likita ya tabbatar.

Sai dai a lura, ita wannan doka an gina ta ne a kan masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Masu manyan muƙamai da ƙwararru, sharuɗɗan da ke cikin takardar ɗaukar aikinsu su ake fara dubawa. Wannan ya sa takardar nan take da matuƙar muhimmanci.

Ma'aikatan gwamnati kuwa suna da nasu ƙa'idojin. Kundin ƙa'idojin aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 ya ba mace mako 16 da cikakken albashi, sannan ya ba mai shayarwa rangwamen awa 2 a kowace rana har tsawon wata 6 bayan ta dawo. Kundin da aka sabunta a 2021 ya mayar da hutun kwana 112 na aiki. Jihar Legas ta fara ba ma'aikatanta mata wata 6 a 2014 a haihuwa biyu na farko, Jihar Kaduna ma ta amince da wata 6 a 2019. Kowace jiha da kowace babbar hukuma tana da nata kundin, don haka ma'aikaciyar jiha ko ta ƙaramar hukuma ta nemi a nuna mata takardar umarni ta baya-bayan nan daga ofishin Shugaban Ma'aikata, ta karanta da idonta. Kada ta tsaya ga abin da wani akawu ya faɗa mata a baka.

Sama da waɗannan duka akwai Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda sashe na 42 nasa ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa. Gyaran da aka yi wa kundin a 2010 kuma ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙararrakin nuna bambanci a wurin aiki. Wannan kotu ta riga ta yi hukunci a kan irin matsalarmu. A wata shari'a da ta shiga littattafan rahoton kotu a 2012, wata ma'aikaciya ta yi ƙarar ƙungiyar Clinton Health Access Initiative cewa an sallame ta bayan ta sanar da shugabanta tana da juna biyu. Kotu ta gamsu cewa cikin ne dalilin korar, ta bayyana hakan a matsayin nuna bambanci da cin mutunci, ta kuma umarci a biya ta diyya. Lauyoyi har yau suna kafa hujja da wannan hukunci.

A matakin duniya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 183 a shekarar 2000. Ta tanadi hutun aƙalla mako 14, da haƙƙin mace ta koma kujerarta ko makamanciyarta da albashi iri ɗaya, ta hana tilasta wa mai neman aiki gwajin ciki sai a ayyukan da ke da haɗari ga uwa ko ɗa, sannan ta ce idan an kori mai ciki, mai ba da aikin ne zai kawo hujjar cewa ba cikin ne dalili ba. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, inda hutun haihuwa yake mako 14, ta rattaba hannu a kanta a 2019.

Jariri Ne Ke Biyan Bashin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla tsawon wata 6, ba ruwa ba koko, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla. Dalilan suna da yawa, akwai na al'ada akwai na rashin sani, amma ga mace ma'aikaciya babban dalili shi ne agogo.

Ki duba lissafin. Wadda ta ɗauki mako 6 kafin haihuwa, za ta koma aiki ɗanta yana da kwana 42 a duniya. Idan daga Gusau take zuwa Bungudu ko Tsafe kullum, za ta fita da sassafe ta dawo bayan la'asar. A tsakanin nan me jaririn zai sha? Sai kaka ko 'yar raino ta dama masa koko, ko a haɗa madarar gwangwani wadda tsadarta ke sa a tsinka ta fiye da ƙima, da ruwan da ba lallai an tafasa ba. Daga nan sai gudawa, daga gudawa sai rama, daga rama sai gadon asibiti. Uwar kuma ta sake neman izini, shugaban ya sake cewa ai dama ya faɗa, masu goyo ba su da amfani. Matsalar da rashin tanadi ya haifar, sai a ɗora wa uwa laifinta.

Darasi Daga Sayyidina Umar

Addininmu ya riga kowa sanin nauyin ciki da shayarwa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. An ɗauke wa mai jego salla a kwanakin jinin biƙi. An yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame a azumin Ramadan idan sun ji tsoron cutuwa. Ya tabbata kuma cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don kada ya wahalar da uwarsa. To idan Mahaliccin da ya wajabta salla da azumi Ya yi wa mai jego sauƙi, wane ne shugaban ofis da zai ce rajistar sa hannu ba ta san uzuri ba?

Malaman tarihi sun kawo cewa a zamanin halifancinsa, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya kwana yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu. Cikin dare ya riƙa jin kukan wani jariri, ya je ya yi wa uwar magana har sau uku. Ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, ta gaya masa cewa yaye shi take son yi da wuri, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye, kuka ya rinjaye shi a sallar asuba, ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye ɗansa, daga ranar an yanka wa kowane jariri kasonsa tun daga haihuwa.

Abin lura a nan shi ne, da ya gane cewa ƙa'idarsa ce ke tura uwa ga cutar da ɗanta, sai ya canza ƙa'idar. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata duk mai makaranta, mai asibiti da shugaban ma'aikata Musulmi ya auna kansa da shi.

Mai Makaranta Ma Yana Da Nasa Kukan

Adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren. Mai ƙaramar makaranta a Tudun Wada ko Sabon Gari wanda ke da malamai goma, iyaye kuma ba su biyan kuɗin zango a kan kari, idan malama ta tafi hutu zai biya ta rabin albashi, ya kuma biya wanda zai riƙe ajinta. A Nijeriya nauyin gaba ɗaya a kan mai ba da aiki yake, saɓanin Nijar da wasu ƙasashe inda asusun ƙasa na kula da ma'aikata ke ɗaukar wani kaso. Wannan shi ne tushen matsalar, domin muddin kowane ciki asara ce a aljihun mutum ɗaya, zai riƙa guje wa ɗaukar mata. Ya kamata 'yan majalisarmu su dubi wannan gyara.

Amma kafin nan akwai abin da za a iya yi. Ciki ba ya zuwa bagatatan, yana ba da sanarwar watanni. Makaranta za ta iya ware ɗan abu kaɗan kowane wata daga kuɗin shiga, kamar adashi, don ranar da malama za ta tafi hutu. Za ta iya yin yarjejeniya ta wata uku da ɗaya daga cikin ɗimbin masu takardar NCE da ke zaune ba aiki, a gaya masa tun farko cewa riƙo ne. Za ta iya ware ɗaki ɗaya da tabarma da gidan sauro, malamai masu goyo su haɗa kuɗi su ɗauki dattijuwa mai raino. Za a iya tsara jadawali ta yadda darussan mai shayarwa za su taru da safe. Wanda ya lissafa zai ga cewa rasa gogaggiyar malama da koya wa sabo aiki ya fi wannan tsada.

Makarantunmu na Islamiyya ma maganar ta hau kansu. Gaskiya ne a wurinmu ba a hana malama shiga aji da goyo, wannan abin yabo ne. Amma a wurare da dama ɗan alawus ɗin da ake ba ta yana tsayawa ne daga ranar da ta kwanta naƙuda, a daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Kwamitocin makarantu da iyayen yara su duba wannan, domin bai dace wurin da ake karantar da haƙƙin uwa ya zama wurin da ake tauye shi ba.

Ina Iyaye Maza?

A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 na aiki ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu, takardar umarnin da ta biyo baya a 2022 kuma ta ƙayyade shi sau ɗaya a shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Wasu mazan suna jin nauyin nema don kada abokan aiki su yi musu ba'a cewa sun tafi wankan jego. Alhali kuwa a waɗannan kwanaki ne ake neman jini idan an yi tiyata, ake zirga-zirgar asibiti, ake hidimar itace da ragon suna, ake kai sauran yara makaranta. A da dangi suna kusa, kaka da gwaggo suna gida ɗaya. Yanzu ma'aikaci da yawa yana zaune a gidan haya a Gusau daga shi sai matarsa. Wanda doka ta ba wannan hutu ya karɓa, shugabansa kuma kada ya riƙe shi da shi a ranar ƙarin girma.

Sannan maigida, idan an zalunci iyalinka a wurin aiki, kada amsarka ta zama "dama na ce ki zauna gida." Tunda da izininka ta fita, to ka tsaya mata. Sau da yawa zuwan miji cikin mutunci ya zauna da shugaban wurin yana warware abin da kuka da ƙorafi ba su warware ba.

Shawara Gare Ki 'Yar'uwa

Da farko, kada ki fara aiki sai da takarda mai ɗauke da ranar farawa, albashi da sharuɗɗan hutu. Idan kin riga kin fara babu ita, ki nema cikin ladabi, ki kuma adana duk wata shaida ta biyan albashi, ko saƙon banki ne a waya.

Na biyu, kunya ado ce, amma kada ta hana ki haƙƙinki. Mun saba ba a furta ciki, musamman na fari. To abin da baki ke jin nauyi, alƙalami ba ya ji. Idan ciki ya yi ƙwari ki rubuta takarda, ki haɗa da ta likita, ki miƙa ta hannun mace idan akwai, a sa miki hannu da kwanan wata a kan kwafinki.

Na uku, idan aka ce ki je ki huta, ki yi godiya, sannan ki roƙi a rubuta miki ranar tafiya, ranar dawowa da abin da za a riƙa biyan ki. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki da hannunki bisa alƙawarin za a sake ɗaukar ki.

Na huɗu, ki riƙe amana. Ki miƙa aiki a tsare kafin ki tafi, ki dawo ranar da kika yi alƙawari, kada ki fake da goyo ki riƙa makara ba dalili. Duk wadda ta yi wasa da wannan dama tana rufe ƙofa ne ga 'yan'uwanta masu zuwa.

Na biyar, idan an tauye ki, ki fara da sulhu ta hannun maigidanki, wani dattijo ko limamin unguwa da shugaban ke jin nauyinsa. Idan bai yiwu ba akwai ƙungiyarku ta ƙwadago, kamar ta malamai ko ta ma'aikatan jinya da ungozoma. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, waɗanda ba a biyan kuɗi kafin su saurare ki. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ma tana taimaka wa mata marasa ƙarfi. Kada ki yi jinkiri, domin wasu ƙararraki suna da wa'adi, shaida kuma tana ɓacewa idan an daɗe.

A ƙarshe ina kira ga ƙungiyoyinmu na mata Musulmi irin su FOMWAN, da malamai masu wa'azi, su sa wannan magana a cikin darussansu. Mu ma iyayen yara muna da ƙarfi a hannunmu, domin mu ke biyan kuɗin makaranta. A taron iyaye da malamai na gaba, wata ta miƙe ta tambaya, malama wance da ta haihu, yaushe za ta dawo ajinta? Tambaya ɗaya irin wannan tana iya tsare wa baiwar Allah abincinta.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya mana zuriya a kan tafarkin Musulunci, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci ga na ƙasa da su. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.